Kurakuran da ke ɓata zagayen duniya tun ba a bar Kumasi ba

Bayan sallar isha'i wani ƙanena ya same ni a ƙofar gida a Aboabo, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba mini wannan." Ƙasashe goma sha tara ya jera. Shekara tara yana aiki babu hutun kirki, ya tara abin da Allah ya hore masa, yana so ya ajiye aikin ya zaga duniya ya dawo. Na ji daɗi har cikin raina, domin ni ma na yi irin wannan tafiya ta wata goma, kuma da alheri nake tuna ta. Amma da na tambaye shi biza nawa jerin nan yake bukata, sai ya yi shiru. A nan yawancinmu muke fara kuskure.

Muna kallon bidiyon Turawa masu goyon jaka, mu kwafi tsarinsu, mu manta cewa fasfonsu daban, namu daban. Su daga taswira suke farawa. Mai fasfon Gana kuwa daga biza ya kamata ya fara. Ka ɗauki takarda ka raba ƙasashenka gida uku: waɗanda za ka shiga ba biza, waɗanda ake nema ta intanet ko a bakin shiga, da waɗanda sai ka je ofishin jakadanci da ƙafarka. Ƙasashen ECOWAS kwana 90 ne ba biza. Afirka ta Kudu ma ta buɗe mana tun Nuwamban 2023, Ruwanda haka, Singafo da Filifin suna ba da kwana 30. Waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka ka sake duba shafin ofishin jakadancin a makon da za ka biya kuɗin tikiti.

Gida na uku shi ne mai wuya, kuma shi zai yanke maka ta ina za ka fara. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ba a karɓar takardunta sai tafiya ta rage wata shida ko ƙasa da haka, kuma a ƙasar da kake zaune ake nema. Wanda ya sa Faransa da Sifen a wata na tara, yana tunanin zai nema daga Malesiya, zai sha mamaki: za a ce ya koma gida ya nema. Gyaran shi ne ka sa ƙasashe masu tsauri a farkon tafiya, masu sauƙi a ƙarshe. Ka sani kuma bizar Shengen kwana 90 ce cikin kowane 180, ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ba ta shigar da kai Ingila. Mu na Kumasi sai mun ƙara da lissafin zirga-zirga zuwa Ankara tamu ta Gana, inda ofisoshin suke, ga shi fasfo ɗaya ba ya zama a ofis biyu lokaci guda.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne bizar yada zango. Na taɓa sayen tikiti mai arha da zai ratsa ta wani birnin Turai, awa uku kacal a cikin filin jirgi. A wurin auna kaya aka ce ba zan hau ba. Gana tana cikin ƙasashen da yankin Shengen ke neman bizar ratse daga 'yan ƙasarsu ko da ba za su fita daga filin ba, sai dai in mutum yana riƙe da wata biza mai rai da aka yarda da ita, kamar ta Amurka ko Kanada. Amurka kuwa ko canjin jirgi za ka yi sai da biza. Ranar na yi asarar tikiti, na kwana a kan benci ina jin kamar in yi kuka. Tun daga lokacin ta Adis Ababa, Doha, Dubai ko Istanbul nake ratsawa, kuma a tikiti ɗaya. In tikiti biyu ne daban-daban, za ka fita ka ɗauki kayanka, wato ka shiga ƙasar ke nan, kuma dokar biza ta hau kanka.

Sai batun ajiye aiki. Na ce wa ƙanena kada ya kuskura ya rubuta takardar murabus kafin ya gwada neman hutu ba albashi. Jami'in biza tambaya ɗaya ce a ransa: me zai dawo da wannan mutumin? Wasiƙar wurin aiki mai ɗauke da ranar tafiya da ranar komawa ta fi duk wani bayani da za ka yi da baki. Dokar ƙwadago ta 2003 kwana 15 na aiki ta sa a matsayin mafi ƙarancin hutun shekara, dogon hutu kuwa sai yadda kuka daidaita da masu wurin. Saboda haka ka fara maganar tun saura wata shida ko fiye, ka kawo wanda zai riƙe aikinka, kuma komai a rubuce. Alkawarin "je ka dawo, kujerarka na nan" yana tashi ranar da aka canza shugaba. Ka tuna kuma watannin da ba albashi ba a zuba maka kuɗi a asusun fansho na SSNIT, alhali fansho sai an cika wata 180. Ka je ofishinsu ka tambayi yadda za ka riƙa biya da kanka.

Wani abin da 'yan'uwa ke yi shi ne aro kuɗi a zuba a asusu sati biyu kafin neman biza. Masu duba takardun banki sun san wannan sarai. Asusun da ake gani albashi na shiga, ajiya na hawa a hankali, ya fi wanda ya kumbura dare ɗaya.

Fasfo: ƙasashe da yawa suna so ya rage wata shida, kuma daga ranar ƙarshe ta tafiyar za ka ƙirga, ba ranar tashi ba. In za ka sabunta, nemi mai shafi 48, don biza ɗaya tana cinye shafi guda. Katin allurar shawara kuwa ka manna shi da fasfon. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, amma sai bayan kwana goma da yin ta katin ke fara aiki, kuma Indiya, Singafo da Afirka ta Kudu suna tambayar wanda ya fito daga Gana. Katin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, iyakarsa kan iyaka. Inshorar tafiya ka karanta ta da kyau, domin wasu kwana 30 ko 90 kawai suke rufewa a kowace fita.

Kuɗi. Duk wanda ya rayu a nan a 2022 ya ga yadda dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 kafin ƙarshenta. Wanda ya yi kasafin shekara guda da sidi, ya bar kuɗin a haka, to rabin tafiyarsa a hannun kasuwar canji take. Ka yi lissafi da dala, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan tun da wuri. Ka riƙe katin banki biyu na bankuna daban, kada su kwana a jaka ɗaya. MoMo, hanyar biyan kuɗi ta waya da muka saba da ita, ba za ta saya maka ko ruwa a Bankok ba, amma layin wayarka na gida kada ka bari ya mutu, don ta nan banki ke turo lambar sirri, in babu ita kuɗinka na nan kana kallo ba ka iya taɓawa. Sannan akwai kuɗin da ba na tafiya ba ne sam: na wata uku bayan dawowa. Ka sa shi inda hannunka ba zai kai ba.

Abin da Turawan bidiyo ba sa ambata shi ne gida. Mu ba mu kaɗai muke ba. Akwai cefanen Hajiya, kuɗin makarantar yara, zubin susu (adashi), gudummawar suna da biki da rasuwa, ga mai gida da zai zo neman haya ta shekara guda ko biyu a dunƙule kana can wata nahiya. Kuskure ne ka tafi da "za a san yadda za a yi". Ka zauna da iyali ka faɗi gaskiyar tsawon tafiyar, ka ware kuɗin gida daban, ka sabunta haya kafin ka tashi, ka yi wa mutum ɗaya amintacce takardar wakilci a gaban lauya. Ka nemi albarkar iyaye tun kafin ka sayi tikiti, ba bayan ka saya ba. Na ga wanda ya katse tafiyarsa a wata na uku saboda rigimar haya da awa ɗaya za ta kashe da ya zauna da mai gidan tun farko.

Tikitin zagaye na ƙawancen kamfanonin jiragen sama irin su Star Alliance da oneworld yana da kyau ga mai tsayayyen tsari: shekara ɗaya yake aiki, ana bin gabas ko yamma, kuma in ka tsallake jirgi ɗaya ba ka sanar ba, ana iya soke sauran. Mai fasfon da biza za ta iya juya masa hanya ya tambayi kuɗin canji kafin ya biya.

Kaya kuma, rabin abin da ka tara ya isa. Kilishi da duk wani nama ka bar su a gida, Tarayyar Turai da Ostareliya ba sa bari a shiga da su. Goro, gari ko shito (miyar yajinmu ta Gana), in ka ɗauka ka bayyana a takardar kwastan. Magani mai ƙarfi irin tramadol yana iya kai mutum kurkuku a Dubai in babu takardar likita. Ka duba inda azumi zai same ka, ka kuma zauna da malaminka a kan hukuncin ƙasaru kafin ka tafi, don tambayar za ta taso maka kusan kowane mako.

Ƙanena ya karɓi wayarsa ya goge ƙasashe takwas a gabana, ya mayar da Turai farko. Ranar Litinin ya kai wasiƙar neman hutu wurin aiki, ya ce in an sa hannu zai bi motar asuba zuwa Ankara.