Kalmar da ta bar ni da shara a ƙofar gida

Satina na farko a Ingila na tarar da wata takarda an zuro ta ƙofa, daga hukumar gari, tana bayanin ranakun kwashe shara. Na ga an rubuta Talata, kusa da ita kuma wata kalma, fortnightly. Na ce ai tunda na gane ranar, sauran ado ne. Talatar farko mota ta zo ta kwashe. Ta biyu na jawo baƙin kwandona bakin titi tun da asuba, har la'asar yana nan cike, ni kaɗai a layin. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce mini wannan satin na kwalabe da kwalaye ne, nawa sai wani satin.

To, ɗan'uwa sabon zuwa, fortnight sati biyu ke nan. Asalinta tsohon Turanci ne, feowertyne niht, wato dare goma sha huɗu, bakin mutane ya yi ta gutsure ta har ta koma haka. Tana da ƙanwa da ta riga ta mutuwa, sennight, daga seofon niht, dare bakwai, wato mako guda. Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan Macbeth, Jane Austen ma ta sa ta cikin wasiƙar wani a littafinta na 1813. Yau idan ka faɗe ta a kanti, kallon wanda ya taso daga kabari za a yi maka.

Abin da ya burge ni shi ne lissafin namu ne sak. Bahaushe ba ya cewa zai yi rana bakwai a Zariya, kwana bakwai yake cewa. Wanda aka daɗe ba a gani ba, "kwana biyu" ake ce masa. Daren Juma'a kuwa tun magaribar Alhamis yake shiga. Kakannin Turawan nan ma da dare suke ƙirga lokaci. Marubucin Rum, Tacitus, ya rubuta haka game da ƙabilun Jamus wajen shekara ta 98 miladiyya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wani salon: Bafaranshe kan ce quinze jours, kwana goma sha biyar, alhali sati biyu yake nufi, don ya haɗa da ranar farko da ta ƙarshe.

Inda kalmar ke cizo shi ne wajen kuɗi. A Ostireliya da New Zealand ma'aikata da yawa duk sati biyu ake biyansu. Kada ka ɗauka sau biyu a wata ke nan. Sau 26 ne a shekara, ba 24 ba, don haka akan sami wata biyu da albashi ke shigowa sau uku. Idan kuɗin hayarka na wata-wata ne, ranar biya da ranar albashi za su riƙa saɓawa. Zauna da kalanda ka jera su kafin ka sa wa 'yan gida ranar aike. Haya kuma idan an faɗe ta a sati, ninka ta sau 52 ka raba 12, shi ne na wata. Ninkawa sau huɗu yaudarar kai ce.

Idan aka ce maka Monday fortnight, sati biyu ke nan daga Litinin mai zuwa. A Amurka da wuya ka ji kalmar, biweekly suke cewa, ita kuma tana iya zama sau biyu a sati ko sau ɗaya a sati biyu. Ni dai yanzu ko a asibiti ko wurin aiki, sai na ce a rubuta mini kwanan wata.

Yarana kuwa da na tambaye su ma'anarta, wasan Fortnite suka nuna mini a waya.