Yadda ake motsa jiki gaba ɗaya da bidon ruwa

Leƙa fadar samari a unguwar Zango ko Kara-Kara ta Damagaram da yamma, za ka tarar da ƙarfe an cusa shi cikin gwangwanaye biyu na siminti, yara sun yi layi suna ɗagawa. Ƙirji da damtse, kullum su ke nan. Bayan wata uku yaro sama ya buɗe, ƙafafu kuwa kamar na zalɓe. Ka aike shi ɗebo ruwa daga famfo, sai ya tsaya sau uku yana haki kafin ya iso gida.

Manyan tsokokin mutum suna cinya da ɗuwawu da baya. In suka yi aiki tare, zuciya na samun horo, tsoka na jan sukari daga jini, ƙashi na ƙara ƙwari. Dubi ƴan kokowa a fage: ƙarfin kayarwa daga ƙugu da ƙafa yake tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, da kwana 2 na ƙarfafa manyan tsokoki. Ni dai kwana uku nake sa masu farawa, ana tsallake rana ɗaya a tsakani.

Ka yi bayan sallar asuba. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram na wuce digiri 40, wanda ya ce sai da la'asar ya nemi jiri da kansa. Fara da tafiya da sauri ta minti biyar, ka juya kafaɗu da ƙugu.

Sai tsugunno, goma-goma sau uku, diddige manne da ƙasa, gwiwa na bin inda yatsun ƙafa suka dosa.

Yanzu ɗaukar kaya daga ƙasa, inda mutane ke jin rauni, ni ma nan na ji nawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka bido, wato jarka, mai lita 25 cike kilo 25 ne. Na taɓa sunkuyawa da baya a tanƙware na fizgo biyu a cike, na ji wani abu ya ja a ƙuguna, kwana goma a zaune nake sallah. Kai ka fara da rabin bido ɗaya. Ajiye shi tsakanin ƙafafunka, kusa sosai, ba can gaba ba. Tura ƙugu baya, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, bayanka ya miƙe sambal kamar na mai kyautata ruku'u. In ba ka tabbata ba, wani ya ɗora maka sanda a baya: ta taɓa ƙeya, tsakanin kafaɗu da ƙashin gindi lokaci guda. Ja numfashi, ɗaure ciki, ka danna ƙasa da ƙafa ka miƙe. Hannu riƙo kawai yake yi. Saukarwa ma haka, a hankali, don da yawa a wurin ajiyewa suke sakin baya saboda sun ɗauka aiki ya ƙare. Takwas sau uku. Kada ka ƙara ruwa sai ka yi mako biyu sandar ba ta ɗaga ba. Ko dala ba ka kashe ba, ruwan kuma ka juye shi randa in ka gama, garin nan ba a wasa da ruwa.

Saura masu sauƙi ne. Kifa ka danna ƙasa da tafuka iya yinka, in ya yi wuya ka dafa dakali. Dafa benci da hannu ɗaya ka jawo bido zuwa haƙarƙari, goma kowane gefe. Ka ƙare da zagaya tsakar gida da bido a hannu, ka sauya hannu kowane zagaye. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma in ka ji zafi mai suka a gaɓa ko a ƙirji, ka ajiye bidon nan take.