Yadda Za Ka Shirya Salon Haruffa a Ƙunshin Manhaja Don Ƙ da Ɗ Su Fito

Aikina haɗa wa masu shagon buga katin biki kwamfutoci masu babbar manhajar Linux a nan Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a tsara kati a wata na'ura, a kai wata, sai ɗ ɗin "ɗaurin aure" ta koma ɗan akwati. Maganinsa a haɗa salon haruffan cikin ƙunshi ɗaya da za a girka ko'ina.

Fara da duba wutsiyar sunan fayil. Mai .ttf TrueType ne, na kamfanin Apple, ya fito a 1991. Mai .otf OpenType ne, wanda Microsoft da Adobe suka haɗa hannu a kai a 1996. Waɗannan biyun su ne abokan aikinka. Mai .woff ko .woff2 na shafukan intanet ne, kada ka zuba shi a wurin na bugawa. Tsohon Type 1 mai .pfb kuwa, Adobe da kanta ta daina tallafa masa a Janairun 2023, ka bar shi ya huta.

Sai folda, kuma nan mutane ke sakaci. A Debian da Ubuntu, wato wasu nau'o'in Linux, fayilolin .ttf suna zama a /usr/share/fonts/truetype/, na .otf a /usr/share/fonts/opentype/, kowane iyalin salo da ɗakinsa a ciki. Kada ka watsa su a tsakar gida. Sunan ƙunshi ya fara da fonts-, kamar fonts-sil-charis ko fonts-sil-andika. Fedora, wadda ita ma nau'in Linux ce, ta bi wata hanya: a can sunan yana ƙarewa da -fonts, foldar kuma kai tsaye take ƙarƙashin /usr/share/fonts/. Sunan folda ka rubuta shi da ƙananan haruffa, ba tazara, ba lambar siga, domin idan sabuwa ta fito ta hau kan tsohuwa maimakon su zauna biyu suna rikita mai tsara kati. Ko da ina son haruffanmu masu lanƙwasa, a sunan folda ba na sa su; k da d sun wadatar, don wasu tsofaffin manhajoji na tuntuɓe a kansu.

Lasisi ya bi ƙunshin. Yawancin salon ƙungiyar SIL da salon Noto na Google suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a raba su matuƙar takardar lasisin na tare da su. Ajiye ta a /usr/share/doc/ ƙarƙashin sunan ƙunshin.

Bayan girkawa, buɗe tagar umarni (terminal) ka buga fc-cache -f don sabunta jerin salon da na'ura ta sani, sannan fc-list :lang=ha. Umarni na biyun zai jero kawai salon da ke ɗauke da haruffan Hausa. In naka bai fito ba, kada ka kai wa mai shago. Manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ ka gwada su da idonka a takarda, don su ne ke zama a kanun kati.

Mai buga Ajami ya ƙara fonts-sil-alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannun Kano, ya ba shi foldarsa daban.