Yadda Ake Lissafin Nauyin da Ke Lanƙwasa Ginshiƙin Ƙarfe da Manhajar Kwamfuta

Duk wanda ya danna dogon karan dawa daga sama ya san cewa karan yakan lanƙwashe gefe tun kafin ya murƙushe, kuma haka ginshiƙin ƙarfe yake yi a ƙarƙashin rufin shago ko rumbun ajiyar gyaɗa a Maraɗi. Manhajoji irin su Robot Structural Analysis, da kuma na kyauta irin su Code_Aster da CalculiX, suna fitar da nauyin da zai lanƙwasa ginshiƙi cikin ɗan lokaci, amma amsarsu ta dogara ne kacokam a kan abin da aka shigar musu.

A fara da awon ƙarfen da za a yi aiki da shi. A auna kaurin bututun da ma'aunin da ke nuna milimita, domin kaurin da mai sayarwa ya ambata ba kullum yake daidai da na zahiri ba. Sannan a shigar da taurin ƙarfe, wato E, a matsayin 210,000 N/mm², a tabbatar tsawo yana cikin milimita, nauyi kuma cikin niyuton.

Kafin a taɓa kwamfuta, ya kamata a yi lissafi da hannu bisa ƙa'idar da Leonhard Euler ya fitar a 1744: P = π²EI/(KL)², inda P shi ne nauyin da zai lanƙwasa ginshiƙin, I adadin da ke nuna juriyar siffar ƙarfen ga lanƙwashewa, L tsawonsa, K kuma adadin da ke nuna yadda aka riƙe ƙarshensa biyu. A ɗauki bututu mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 50, kaurinsa milimita 2, tsawonsa mita 3. Adadin I nasa ya kai kusan 147,700 mm⁴, saboda haka idan ƙarshensa biyu suna iya juyawa amma ba sa gocewa, wato K yana 1, zai lanƙwashe a wajen kiloniyuton 34 (kiloniyuton ɗaya niyuton dubu ne), alhali ƙarfe mai ƙarfin 235 N/mm² ba zai murƙushe ba sai a kusan kiloniyuton 90.

A nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin K ne ke yanke hukunci. Idan an dasa gindin a cikin siminti an bar kan ba abin da ya riƙe shi, K ya zama 2, nauyin kuma ya faɗo zuwa kusan kiloniyuton 8.5. A ganina, bai dace injiniya ya gaya wa manhaja cewa ƙarshen ginshiƙi a kafe yake ba sai ya je ya ga yadda mai walda ya haɗa shi, domin ƙaramin faranti mai ƙusa biyu ba ya hana juyawa.

A cikin manhajar, a raba ginshiƙin gida goma ko fiye, a ɗora masa kiloniyuton ɗaya, a zaɓi binciken lanƙwashewa. Lambar farko da ta fito ita ce nauyin da ake nema cikin kiloniyuton, kuma idan ta yi nisa da amsar hannu, a koma a duba yadda aka ce an riƙe ƙarshen ginshiƙin da ma'aunan da aka shigar.

Fallen ƙarfe mai haƙarƙari, wato sandunan ƙarfe da aka maƙala masa don ƙara masa ƙarfi, irin na bangon tankin ruwa, sai an zana shi da ƙananan falle-falle maimakon layi ɗaya. Tun 1891 G. H. Bryan ya nuna cewa juriyar falle tana bin kaurinsa a kan faɗinsa sau kansa, ke nan raba tazarar haƙarƙari biyu yana ninka juriyar sau huɗu, muddin haƙarƙarin yana da taurin da zai tsaya a miƙe. Shi ya sa dole a kalli hoton da manhajar ta zana, a ga ko fallen ne ya kumbura tsakanin haƙarƙari ko duka bangon ne ya karkace.

Duk wannan lissafi na ƙarfe miƙaƙƙe ne sarai. Ƙa'idar Turai ta gine-ginen ƙarfe, wato Eurocode 3, a bugunta na 2005 ta tanadi a sa ɗan karkata tun farko, kashi ɗaya cikin 200 na tsawo ga bututun da aka lanƙwasa a sanyi, wato milimita 15 a misalinmu, sannan a sake lissafi ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan tare da turin iskar farkon damina kafin a tsai da girman ƙarfen da za a saya.