Yadda Ake Bin Sawun Iyalan da Suka Ɓoye Yaran Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu

Ɗalibi ko ɗan jaridar da ya ƙuduri aniyar binciken tarihin wani gida da ya ɓoye yaro Bayahude a zamanin mulkin 'yan Nazi na Jamus, waɗanda suka yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi, ya kamata ya san tun farko cewa takardu za su yi masa ƙaranci, domin a wancan lokaci ajiye shaida a rubuce na iya jawo wa gida duka halaka. A Poland, dokar da Jamusawa suka kafa a Oktoban 1941 ta tanadi kisa ga duk wanda ya ba Bayahude mafaka, kuma an harbe Józef Ulma da matarsa Wiktoria da 'ya'yansu shida a ƙauyen Markowa ranar 24 ga Maris 1944, tare da Yahudawa takwas da suke ɓoyewa.

Saboda haka a fara da sunan yaron, ko kuma a ce sunayensa biyu: na yanka da na aro. Galibin yaran an sauya musu suna, an koya musu addu'o'in Kirista, an ce wa maƙwabta marayu ne ko 'ya'yan dangi daga birni. Wanda ya nemi yaro da suna ɗaya kawai yakan rasa shi. A Beljiyam an yi dace, domin ƙungiyar kare Yahudawa ta CDJ, wadda malamar makaranta Andrée Geulen ta yi wa aiki, ta rarraba bayanan yaran cikin litattafai daban-daban, sunan gaskiya a wannan, sunan aro a wancan, adireshi a wani, sai lamba ce ke haɗa su, ta yadda ko ɗaya ya faɗa hannun abokan gaba ba zai tona asirin kowa ba. A Faransa a nemi bayanan ƙungiyar agaza wa yaran Yahudawa ta OSE da na cibiyar tunawa da kisan ƙare dangin Yahudawa ta Mémorial de la Shoah da ke Paris, a Poland kuma na ƙungiyar sirri ta taimaka wa Yahudawa mai suna Żegota, wadda Irena Sendler ta shugabanci sashenta na yara.

Daga nan a bincika rumbun Arolsen da ke Jamus, mai ɗauke da bayanai kan mutane kimanin miliyan 17.5 da 'yan Nazi suka zalunta, wanda ana iya duba da yawa daga cikinsu kyauta ta intanet.

Amma ginshiƙin aikin shi ne shaidar baka, kuma a nan ne ake bukatar hanzari, tunda waɗanda aka ɓoye suna jarirai yau sun haura shekara 80. Gidauniyar USC Shoah ta naɗi hirarraki sama da 50,000 da waɗanda suka tsira da sauran shaidu. Idan an sami mai shaida da rai, a tambaye shi a natse, ba tare da matsi ba: wa ya kai shi gidan, da wane katin rabon abinci ake karɓo masa abinci, wa ya san sirrin a unguwa, kuma wa ya zo ɗaukarsa bayan yaƙi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci, domin da yawa ba wanda ya zo. Kada mai bincike ya rufe abin da bai yi daɗi ba. Akwai gidajen da suka bautar da yaran, akwai kuma waɗanda suka ƙi mayar da su, kamar yadda ya faru da Robert da Gérald Finaly a Faransa, waɗanda aka yi musu baftisma, ba a miƙa su ga danginsu ba sai 1953.

Kada kuma a taƙaita nema ga gidajen Kirista. A garin Krujë na Albaniya, iyalin Veseli, Musulmi, sun riƙe iyalin Mandil da yaransu biyu bisa al'adar riƙon amana da ake kira besa, an kuma karrama su a 1987 da lambar girma ta salihan al'ummai.

Idan shaida ta kammala, ana iya miƙa ta ga cibiyar tunawa da kisan ƙare dangin Yahudawa ta Yad Vashem da ke Birnin Ƙudus, inda tun 1963 wani kwamiti ƙarƙashin alƙalin kotun ƙolin Isra'ila ke tantance masu cancantar lambar girma ta salihan al'ummai. Sharuɗɗan su ne mai ceton ya kasance ba Bayahude ba, ya jefa ransa ko 'yancinsa cikin haɗari, bai gindaya biyan kuɗi a matsayin sharaɗi ba, sannan akwai shaidar wanda aka ceta ko takardu ingantattu. Ana bayar da lambar ko bayan rasuwar mutum, magadansa ne ke karɓa, kuma waɗanda aka karrama zuwa yanzu sun haura 28,000.