Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙidayar Ƙwarin Tsibiri

Babban kuskure shi ne a zaga da rana, a dawo a rubuta "babu". A tsibirin Lord Howe na Ostireliya, ɓeraye sun sauka daga wani jirgin ruwa da ya maƙale a 1918, suka cinye wani ƙaton baƙin ƙwaro mai kama da kara, har aka ɗauka ya ƙare a duniya. A 2001 masu bincike suka hau dutsen Ball's Pyramid, kilomita 23 daga tsibirin. Da rana kashinsa kawai suka gani a gindin wata 'yar bishiya. Sai da suka koma da dare da tocila suka same shi a raye. Manyan ƙwaron da dare suke kiwo. Don haka a fara sanin lokacin fitar ƙwaro da tsiron da yake ci kafin a sa ranar ƙidaya, a kuma koyi gane kashinsa da gurbin cizonsa a ganye.

Tarkon kofi, wanda ake binnewa a ƙasa, shi ma yana yaudara. In bakin kofin ya ɗara ƙasa ko da kaɗan, ƙananan ƙwari kewaye shi za su yi. Dole ya zo daidai da ƙasa. A yi masa rumfa kamar yatsa biyu a sama saboda ruwan sama, a sa raga mai manyan ido don kada ƙadangaru su faɗa. Bayan haƙa, a bar shi a rufe mako guda, domin sabuwar ƙasa tana janyo ƙwari ta kumbura lissafi. Kuma abin da tarkon yake aunawa yawan zirga-zirga ne, ba yawan ƙwari ba: daren ɗumi ya fi daren sanyi kamu.

Abin da ya fi ciwo shi ne zuba ruwan kisa a tarko a inda ƙwaron da ya rage bai fi a ƙirga da yatsu ba. A nan busasshen kofi ake sawa da ɗan ganye a ciki, a duba kowace safiya, a ɗau hoto, a saki. A Niyu Zilan ana bin sawun ƙaton ƙwaron weta da bututu mai kati da tawada, a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ya taka, ya bar sawu, ya wuce lafiya.

Wasu sai an gama kashe ɓeraye suke fara ƙidaya. To, da me za a kwatanta? An yi aikin kawar da ɓerayen Lord Howe a 2019, kuma irin wannan aiki yana buƙatar lissafin aƙalla shekara biyu kafinsa, a wurare guda, a wata guda, da yawan tarko guda. Daren da ba a kama komai ba, a rubuta sifiri, kada a bar gurbin fayau.

Takardar shaida da fensir ake rubuta ta a jefa cikin kwalbar sipirit da ake ajiye ƙwaron a ciki, don sipirit yana wanke biro. Mai ƙarfin kashi 70 ya isa ajiya. Gwajin ƙwayoyin gado kuwa sai mai kashi 95.

Kafin a shiga kwalekwale, a kankare takalma da shebur ɗin haƙa, a zazzage jaka. Sarauniyar tururuwa ɗaya a cikin laka ta isa ta kafa gida a tsibirin da ake ƙoƙarin karewa.