Yadda za ki rage wa yaronki ƙiba ba tare da kin horar da shi da yunwa ba

Mu dai a wajenmu in yaro ya yi ɓul-ɓul sai a ce tubarkalla ana jin daɗi a gidan nan, kaka ma har alfahari take da shi a gidan biki. To kumatun jariri ba matsala ba ne, amma yaro ɗan shekara takwas yana haki daga hawa bene ɗaya, wannan fa ba hutu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma da yawa haka suke girma da abinsu, sai ka ga ciwon suga da hawan jini da kitsen hanta sun kama mutum tun bai yi aure ba, ga ciwon gwiwa.

Kafin komai ki daina awo da ido. Ki kai shi asibiti a auna tsayi da nauyi a gwada da shekarunsa, in ƙarami ne ki tafi da katin awonsa. Sannan ki duba bayan wuyansa da hammata. In kin ga wajen ya yi baƙi ya yi kauri kamar datti, kin dirje da soso har kin gaji bai fita ba, don Allah ki bar dirzar, sau da yawa alama ce jiki ya fara kasa sarrafa suga. Ki nuna wa likita. Haka ma munshari mai ƙarfi kullum dare.

Ni a ganina in abu ɗaya kawai za ki iya, to ki fara da abin sha. Lemon kwalba ƙarami guda yana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 9, ga ɗan jus na kwali da ake jefa wa a jakar makaranta da safe, a dawo a sha wani kafin Islamiyya, da dare kuma Baba ya shigo da leda da yogot, ki lissafa kiga. Kuma kar ki ce ai ni zoɓo da kunun aya nake yi a gida, eh na gida ne amma gwangwani nawa na suga kika juye? Ki riƙa ragewa kaɗan kaɗan, bayan 'yan makonni harshensu zai saba, ki mayar da ruwa shine abin sha, lemo kuwa sai ranar suna ko Sallah.

Abinci kuma ba sai kin sayo na Turawa ba. Rage tudun shinkafa da taliya, ƙara wake, zogale, rama, kabeji, kifi ko ƙwai. Indomie ta zama ta wani lokaci ba ta kullum ba. Maimakon biskit da cincin da fanke a ba shi goba, gwanda, kankana, ko gyaɗa 'yar kaɗan. Ki zuba masa a kwanonsa daidai cikinsa, in ya ce ya ƙoshi ki ƙyale shi, wannan "sai ka cinye tas" ɗin ita ke koya wa yaro cin abin da ya fi ƙarfinsa. Maganin ƙara cin abinci da su sha-ka-fashe kuwa kar ki kuskura ki ba yaro ba da izinin likita ba.

Sai motsa jiki, aƙalla awa ɗaya a rana daga shekara 5. Da can langa da 'yar gala-gala da ƙwallo a layi sun wadatar, yanzu an kulle get an miƙa waya. In fita ba ta yiwuwa, tsallen igiya a tsakar gida ma ya isa, da shara da wanke mota. A kashe talabijin lokacin cin abinci, a karɓe waya da dare, don ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 kuma ƙarancin barci na ƙara ci.

Inda ake shan wahala shine mutanen gida. Ba zai yiwu ki ba shi kwaɗon zogale yayyensa suna gefe da tsire da lemo ba, sai dai kowa ya canza tare. Ki zauna da Baban su a kan ledar dare, Hajiya kuma ki lallaɓa ta, ki ce Hajiya likita ne ya ce, ta fi jin wannan. Ki hana a riƙa kiransa Ɓuleliya ko buhu ko da wasa ne, yaron da ake tsokana ɓoyewa yake ya ci. Kuma kar ki sa rai ya zube a wata guda, yaron da ke kan girma sau da yawa ya isa nauyin ya tsaya cak tsayi ya kamo shi, sai ki koma awo bayan wata uku ki ga inda aka kwana.